Wurin da Baffa Ya Ƙi Nunawa

Ranar sadakar uku ta Baffa, wata farar mota ta tsaya a bakin layinmu, sai hirar da ake yi ƙasa-ƙasa a kan tabarmi ta ɗauke. Mace ce ta fito, ta gyara mayafi, ta tako a hankali. Kusan duk wanda ke zaune ya san ta. Malamar nan ce mai binciken kifi, wadda ta yi ta zarya a bakin ruwanmu bara waccan da littafi da sikeli. Ta durƙusa daga nesa ta gai da Liman, ta ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta." Aka amsa da amin, ba da ƙarfi ba. Ta shige wajen mata.

Tana ba da baya wani tsoho, abokin Baffa tun na ƙuruciya, ya ce, "Wa ya gaya mata?"



"Ta zo ta tabbatar ne," in ji wani. "Mai tare hanya ya tafi."

Liman ya ce, "Gaisuwa ta zo yi. Ku bar ta ta sami ladanta."

"Allah gafarta Malam, ba mu hana ta lada ba. Jakar da ta rataya muke kallo."

Aka yi ɗan murmushi irin na gidan makoki. Ni ina zaune kusa da Liman ina karɓar gaisuwa, domin Baffa yayan mahaifina ne, kuma Allah bai bar masa ɗa namiji ba. Na san abin da ke tsakaninmu da matar nan, na kuma san ba ita ce ta cuce mu ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina so a tuna da Baffa yadda yake, da inda ya yi daidai da inda ya kuskure, kafin masu ba da labari su gyara shi ya koma wani mutum daban.

A tsohon gari aka haife shi, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. Manomi ne ɗan manomi. Bai daɗe da aure ba aka tashe su aka dawo da su nan kan tudu. Kamun kifi a hannun baƙin masunta ya koya, waɗanda suka biyo ruwan daga wasu garuruwa. Sun fi shi iya jefa komar birgi, sun fi shi iya tuƙi. Abu ɗaya ya fi su da shi: ƙasar da suke lalube a cikin ruwa, shi da ƙafarsa ya taka ta. Ya san inda rijiya take, ya san inda kwari yake, ya san katangar da za ta yaga maka koma. Har yau da sunayen tsohon gari muke kiran ruwan. A tambayi mutum ina ya zuba koma, ya ce Marina, ko Bayan Kasuwa, ko Gindin Kuka, alhali in ka duba ba abin da za ka gani sai ruwa.

Baffa ba ya son tambaya. In baƙo ya ce masa ya kifi, sai ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da ɗinkin komarsa. In baƙon ya ƙara ta biyu, sai ya ɗago ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ya yi wa mai allurar shanu wannan tambayar, ya yi wa mai sayar da gishiri, ya yi wa surukinsa ranar da ya fara zuwa gaisuwa. Goggo, ƙanwarsa mai bandar kifi, takan ce ko ruwan sama ne ya sauko sai Yaya ya fita ya tambaye shi wanda ya aiko shi.

Sau ɗaya ya taɓa ba ni dalili. Ya ce, "Kafin ruwa ya zo, mutane ne suka fara zuwa, da sanda mai zane da littafi. Masu ladabi. Suka tambayi mahaifinmu ina gonarsa ta fi kyau, ya kama hannunsu ya kai su fadama, har da yanko musu rake. Suka rubuta. Ban ce rubutun ne ya kawo ruwa ba. Amma tun daga ranar, in na ga mutum yana tambaya yana rubutawa, sai in waiwaya in duba abin da ya rage mini."

Duk da haka ba marowaci ba ne. Shekarar da maƙwabcinmu ya rasu ya bar mata da ƙananan yara, kullum Baffa sai ya raba kifinsa biyu, ya kai rabi ƙofar gidan ya ajiye, ya ce komar maigida ce ta kama. Komar nan ta daɗe da ruɓewa, kowa ya sani, ita ma matar ta sani. Haka ya yi ta yi har suka tsaya da ƙafarsu, bai taɓa canja maganar ba.

Akwai wuri ɗaya da bai yarda kowa ya sa koma ba. Makabartar tsohon gari ce, can gabas, inda wani rafi ke shigowa. Da aka tashi ba a kwashe kaburbura ba. Mahaifiyarsu, Inna, tana can, da kakanninmu duka. Ƙasan wurin yashi ne mai laushi, babu dutse babu kututture, kuma da rani ruwan ba ya wuce ƙirji. In mun zo wucewa mukan daina tuƙi mu yi musu addu'a, jirgi ya wuce da kansa. Abin da aka gaya mana tun muna yara ke nan: ba a su a kan mamata. In baƙin masunta sun zo, Sarkin Ruwa yakan gaya musu haka, su ce to, domin babu wata magana bayan tasa.

Sai da na yi aure Baffa ya nuna mini sauran. Wata safiya a ƙarshen bazara, kafin ruwa ya yi ja, ya tsai da jirgi a wurin ya ce in leƙa. Na ga ƙasa duk ramuka ne zagayayyu kamar an danna faranti a yashi, kowanne da karfasa a kansa. A bakin ciyawa kuma tarwaɗa ce ke ta motsi.

"Nan suke haihuwa," in ji shi. "Duk abin da kake kamawa a Marina, daga nan ya fita. Da farko don Inna na hana. Daga baya na ga ashe Allah Ya haɗa mana abu biyu a wuri ɗaya. Na biyun ba na faɗa ba ne. Na farkon ya isa ya tsare shi."

Manyan masunta sun sani. Ba a dai furtawa.

Bara waccan, da kifi ya yi ƙaranci kowa yana kuka, Malama ta zo tare da wasu maza biyu. Ta auna kifi, ta auna ruwa, ta wuni a gaban murhun Goggo tana kallon yadda ake tsaga ciki. Sannan ta gaya mana cewa za a ware wuri guda a hana su a cikinsa a watannin da kifi ke ƙwai, kuma ba ta so a yanke hukunci a ofis ba tare da an ji ta bakinmu ba. Ta sami Baffa a zaure, ta zauna a ƙasa.

"Baba, ku kuka san ruwan nan. Ni jiya na zo. Ina kifi yake haihuwa?"

"Wa ya aiko ki, 'yata?"

Ta faɗa masa.

"In na gaya miki, ina za ki kai?"

"Ofis, a sa a taswira."

"Taswirar ina take kwana?"

Ta yi dariya ta ce a durowa.

"Durowar tana da makulli?"

"Tana da shi, Baba."

"A hannunki?"

Ta rufe littafinta. Baffa ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsa. Ya sa aka ɗaure mata bandar tarwaɗa mai kyau, ya ce ta gai da mutanen gida.

Bayan la'asar ya tara manyan masunta. Ya ce duk takardar da ta shiga ofis, wani yana da ƙani, wani yana da suruki mai taru, babbar komar nan da ake ja tana share ƙasan ruwa, kuma taru ba abin da yake nema kamar ƙasa mai laushi. In aka rubuta cewa kifi a makabarta yake taruwa, to an yi musu jagora. Ya ce a nuna musu Fako. Fako wani fili ne a yamma da tun kafin ruwa ko ciyawa ba ta fitowa a kansa, dutse ne da tsakuwa, ba mai zuwa. "Su tsare duwatsu," in ji shi, "mu kuma mu ci gaba da tsare namu yadda muka saba." Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne.

Ranar taro aka shimfiɗa taswira a kan benci a makarantar firamare. Da yake ni ne nake ɗan gane rubutu, ni aka tura gaba. Na ɗora yatsana a kan Fako. Malama ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ta dubi Baffa, ya gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin mazan nan ya yi mata wata magana da Turanci, fuskarsa a ɗaure. Ta mayar masa a taƙaice, ta ɗauki jan biro ta zagaye wurin.

Bayan 'yan watanni aka zo aka ɗaura jajayen jarkoki da igiya a kewayen Fako. Mun yi dariya sosai. In mutum ya dawo bai kama komai ba sai a ce masa ko Fako ka je sata. Baffa ma ya yi dariya, shi da ba ya yawan yi.

Bara, a ƙarshen bazara, jirage biyu masu inji suka zo da taru. Kwana biyu suka yi suna laluben ƙasa da gora, a na uku suka sami makabarta. Baffa ya sa na tuƙa shi.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Nan ba a su."

Shugabansu mutum ne mai ladabi. Ya kashe inji ya ce, "Sannu Baba. In ji wa?"

"Iyayenmu ne a ƙasa."

"Allah Ya jiƙansu. Amma Baba, ga takardarmu. Wurin da aka hana can ne inda jajayen jarkoki suke. An ma ce mana ku da kanku kuka zaɓa. Da nan ne ai da kun faɗa."

Baffa bai karɓi takardar ba. Muna nan aka ja taru. Ya fito da laka da ciyawa da karfasa jingim, wasu suna tofar da 'ya'ya daga baki a cikin jirgi. Ban taɓa ganin kifi da yawa haka a jawo ɗaya ba. Baffa ya ce, "Mu koma."

Abin da bai hango ba ke nan, mu ma ba mu hango ba. A da babu wata magana a kan ruwan sai tamu. Yanzu an sami takarda, kuma takardar da bakinmu take magana. Ya je wajen Sarkin Ruwa, ya je wajen Dagaci. Kowanne ya juya takardar ya ce, to ai ku kuka nuna.

Washegarin zuwa wajen Dagaci, Goggo ta shigo zaure da roba, ta dire a gabansa. Ta ɗauki tarwaɗa ta tsaga, ƙwai ya zubo.

"Duba, Yaya. Irin wannan ake lodawa a mota ana kaiwa kasuwar Kwanar Dangora."

"Na gani."

"Yarinyar mutane ta zauna a gaban murhuna hayaƙi yana cin idonta, ta tambaye ka da ladabi, ka sa aka yi mata ƙarya."

"Ke ba ki san mutanen takarda ba."

"Su kam na san su. Kai ne ban sani ba. Ana jan taru a kan Inna, kana nan kana ɗinkin koma."

Wata guda ba su yi magana ba. Amma kullum da safe kunun da take dama masa yana zuwa, babu saƙo, shi kuma yana shanyewa ya mayar da kwano, babu saƙo.

Na ce masa mu kira Malama mu faɗa mata gaskiya. Ya ce, "In mun ce mun yi ƙarya, wa zai ƙara yarda da mu? In kuma mun nuna wurin, wa ya ce maka ba za a fi haka zuwa ba?" Sai ya ɗauki wata hanya tasa. Kullum bayan asuba yakan tuƙa jirginsa ya kafa gora a tsakiyar wurin ya zauna, mutumin da ya haura tamanin. Ba ya zagin kowa, ba ya ma kallonsu. Ba dai yadda za a ja taru da tsoho a tsakiya. Su kuma suka koyi jira. In ya tafi sallar azahar su ja. Da ya gane, ya koma yin sallar a cikin jirgi. Haka har damina ta sauka, ruwa ya dake shi ba sau ɗaya ba. Masu taru suka tafi da suka ƙoshi, suka ce sai baɗi. Shi kuma ciwon ƙirji ya kama shi bai sake shi ba.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ina zaune a gefensa da hantsi, ya ce, "Yatsanka ne ya nuna, amma bakina ne. Kar ka ɗora wa kanka."

Na ce, "Baffa, in faɗa mata?"

Ya juya fuskarsa ga bango. Sannan ya ce, "Ban sani ba." Tun da nake ban taɓa jin ya faɗi haka a kan maganar ruwa ba.

Ya rasu da rani, ranar Laraba. Muka kai shi sabuwar makabarta a kan tudu. Saura wata biyu masu taru su dawo.

Shi ya sa ranar sadakar uku, da Malama ta fito daga wajen mata, na tashi na bi ta har bakin mota, duk idon mutane a bayana. Na gaya mata komai a tsaye. Ba ta yi mamaki ba.

"Na yi zato," in ji ta. "Na koma Fako na zuba raga, ban ga ɗan kifi ko ɗaya ba. Awonmu gabas ya nuna, wajen bakin rafi, sai dai ba mu san daidai ina ba. Abokin aikina ya ce a bi awo. Ni ce na dage. Na ce mutanen da suka tsufa a kan ruwa sun fi mu sani."

Na rasa inda zan sa idona.

"Yanzu in na koma na ce ƙarya aka yi mini, abin da za su ce shi ne, ai mun gaya miki. Kuma ba ku kaɗai zai shafa ba. Duk garin da ke bakin ruwan nan, ba za a sake zama a tambaye shi ba." Ta buɗe ƙofar mota. "Ba zan kai musu wannan maganar ni kaɗai ba. In kuna so a gyara, ku faɗa da bakinku, ku faɗi dalilinku. Zan kawo su."

Kafin in koma kan tabarma an gama yanke mini hukunci. Tsohon abokin Baffa ya ce, "Ko bakwai bai yi ba." Wani ya tambaye ni a gaban jama'a me aka yi mini alkawari. Wasu suka ce in mun bayyana wurin, ma'aikatan da kansu za su sayar da labarin. Ban iya ce musu ba haka ba ne, domin ban sani ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, wanda muke ɓoye wa wurin ya riga ya same shi. Goggo ta aiko daga cikin gida cewa in maza suna jin kunya, ita za ta je.

Bayan arba'in aka yi taron, a makarantar nan, a kan bencin nan. Na miƙe na ce wurin da na nuna bara waccan ba shi ba ne, kuma da sani na nuna. Na faɗi dalilin Baffa yadda ya faɗa mini, har da mutanen da aka yanko wa rake. Abokin aikin Malama ya ninke hannu ya ce, "To, yanzu ta yaya za mu san wannan karon gaskiya ce?"

Goggo ta amsa daga bakin ƙofa. "Ɗana, ba sai ka yarda da mu ba. Mu ma ba mu gama yarda da kai ba. Tashi ka shiga jirgi."

Ya shiga. Na tuƙa shi tare da Malama. A wurin ya naɗe wando ya sauka, ya daɗe a sunkuye yana kallon ramukan karfasa. Ba su kai na da yawa ba, amma suna nan. Da ya hau ya tambaye ni tun yaushe muka san wannan. Na ce tun kafin a haife shi. Bai ji daɗi ba, amma ya rubuta.

Mun nemi abu biyu. Na farko, mutum biyu daga cikinmu su riƙa zama a duk lokacin da za a yanke wata magana a kan ruwan. Na biyu, kar a ba baƙo takardar su sai Sarkin Ruwa ya gani. Na farkon sun yarda. Na biyun sun ce za a duba, kuma har yau ana dubawa. Aka kwance jarkoki daga Fako aka kawo su gabas. Da masu taru suka dawo, shugabansu ya ga ja a kewayen wurin, ya kashe inji, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya.

Yanzu wurin da Baffa ya ɓoye tsawon rayuwarsa ana hango shi daga bakin ruwa. Ko yaron da ya zo wanki ya san akwai wani abu a can. Tsohon abokinsa har yau in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa, kuma ba na ganin laifinsa. Makon jiya da safe na tarar da wani jirgi da ban sani ba a tsaye daf da igiya, mai shi bai sa koma ba, kallo kawai yake yi. Na matsa na yi masa sallama. Ya ce hutawa yake. Na ce ni ma. Muka huta tare har rana ta ɗaga, sannan ya tafi. Tun ranar muka raba kwanaki tsakaninmu, kowace safiya da wanda zai je ya zauna. Tsohon ma ya karɓi Talata, bai dai ce mini komai ba.

Ban san ko Baffa zai ce na yi daidai ba. Shi ma bai sani ba, ya kuma faɗa. Allah Ya gafarta masa ƙaryar da ya yi don tsoro, Ya saka masa da zaman da ya yi a rana da ruwan sama. Allah Ya haskaka kabarinsa a kan tudu, da na Inna da sauran waɗanda ke ƙasan ruwa, Ya sa mu da muka rage mu iya gadin.